Leo Fender, mai gyaran rediyo da ya ƙara wa gita murya

Yau za mu waiwayi Leo Fender, Ba'amurke da aka haifa a jihar Kaliforniya a 1909. Aikin akanta ya karanta, amma karayar tattalin arziki ta raba shi da albashi. A 1938 ya ranci dala 600, ya buɗe shagon gyaran rediyo a garin Fullerton.

Makaɗa suka riƙa kawo mashi gyara, a zamanin da ganga da ƙaho ke danne muryar gita. Shi bai iya kaɗa gita ba, amma ya iya sauraren mai saye. Sai ya duƙufa kan kunnen gita, wato maganaɗisun da ake naɗe wa siririyar wayar jan ƙarfe a ƙarƙashin tsarkiya, mai maida motsinta lantarki. A 1950 ya fiddo gita mai kunne biyu, wadda aka sani da Telecaster, a 1954 kuma Stratocaster mai ukku. Wuyan gitar ɗaure yake da noti, in ya lalace a sauya shi kaɗai.

A 1965 ya saida wa CBS kamfaninsa dala miliyan 13, amma bai bar teburin gyara ba har ya rasu a 1991. Har yau muna jin gitocinsa a rediyo.