Iliya Mechnikof, Masanin da Ya Gano Aikin Fararen Ƙwayoyin Jini

An haifi Iliya Mechnikof a shekarar 1845 a wani ƙauye kusa da birnin Kharkiv, a daular Rasha ta wancan zamani, yankin da yau yake cikin Yukren. Ba likita ba ne. Ilimin halittar dabbobi ya karanta, kuma shi ya koyar a jami'ar Odesa har zuwa 1882.

Ciwon huhu ya shiga gidansa tun yana matashi. Matarsa ta farko, Ludmila, tarin fuka ya riga ya ci ƙarfinta kafin aure, har sai da aka ɗauko ta a kan kujera ranar ɗaurin auren. Ta rasu a 1873, baƙin ciki ya kai shi ga yunƙurin halaka kansa, amma da sauran kwana.

A 1882, a garin Mesina na ƙasar Italiya, ya soka ƙayar fure a jikin tsutsar wata halittar teku mai siffar tauraro, wadda jikinta garai yake kamar gilashi. Da gari ya waye ya duba ta madubin hangen ƙananan halittu, sai ya tarar da wasu ƙwayoyi masu yawo sun yi wa ƙayar zobe. Daga nan ya fahimci cewa fararen ƙwayoyin jinin ɗan Adam ma haka suke yi, suna garzayawa inda ƙwayar cuta ta shiga, su haɗiye ta. A lokacin masana da dama na zaton fararen ƙwayoyin ne ke yaɗa cutar a jiki. Shi kuwa ya ce kumburi fagen fama ne, jiki ke kare kansa.

Malaman Jamus sun daɗe suna ja da shi, domin a ganinsu kariyar tana cikin ruwan jini. Ya koma Cibiyar Pasteur a Faris a 1888, ya ci gaba da kare ra'ayinsa da zafin rai. A 1908 aka raba lambar Nobel tsakaninsa da Paul Ehrlich na ɗaya ɓangaren, kuma gaskiya kowannensu na riƙe da rabinta.

Sai dai dakarun nan kan yi ɓarna a gida. Idan bakteriya ta sauka a hanyoyin numfashi, fararen ƙwayoyin kan yi tururuwa, su saki sinadaran da ke kashe cuta, su kuma ƙone naman huhu. Koren kakin da mai tari ke tofarwa a sanyin hunturun Jos, launinsa daga sinadarin waɗannan ƙwayoyin yake fitowa. A Vom kusa da Jos, cibiyar binciken cututtukan dabbobi na sarrafa rigakafin ciwon huhun shanu, aikin da ya dogara da ilimin garkuwar jiki da Mechnikof ke cikin waɗanda suka aza harsashinsa.

Ciwon zuciya ya yi ajalinsa a Faris ranar 15 ga Yuli, 1916. Tokar gawarsa tana ajiye a ɗakin karatu na Cibiyar Pasteur.