Theodore Theodorsen da Karkarwar Fiffiken Jirgi

Idan ka tsaya a Kuchigoro, a bakin hanyar zuwa filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe a Abuja, za ka ga motocin matafiya suna ta wucewa. Kaɗan ne cikinsu suka san Theodore Theodorsen, alhali kuwa lissafinsa yana cikin abubuwan da ke kare rayukansu.

An haife shi a ƙasar Norwe a 1897. Ya koma Amurka a 1924. A 1929 ya kama aiki a NACA, hukumar binciken jiragen sama wadda NASA ta gada.

A zamanin nan maƙera jirage suna fama da wata matsala. Ka sani fiffiken jirgi ba sandararre ba ne: yana lanƙwashewa, yana kuma murɗewa. Idan gudun jirgi ya kai wani matsayi, iska takan haɗa motsin nan biyu, sai fiffike ya kama karkarwa har ya karye.

Lissafin fiffike gaba ɗaya yana da wuya, ga shi babu kwamfuta. Sai Theodorsen ya ɗauki yanki guda na fiffike, ya ƙaddara sifirin ne ke riƙe da shi, ya lissafa yadda iska ke motsa shi. Rahotonsa na 1935 ya nuna wa injiniyoyi yadda za su gano gudun da karkarwa za ta fara, tun jirgi bai tashi ba.

Ya rasu a 1978. Idan ka zaɓi karatun ƙera jirage, za ka tarar har yau da lissafinsa ake fara darasin karkarwar fiffike.