Ajayi Crowther da Kogin Kwara: Abin Koyi Wajen Jimiri

Ya kai mai karatu, ko sabon mai bi ne kai, ko kuwa kana tambayar Hanya tukuna, ka san halin rafukanmu na ƙasar Gwarzo da Kabo. Da damina su cika su batse, har mai jaki ya kwana bakin gaɓa yana jiran ruwa ya janye. Da bazara kuwa sai rairayi, mata suna tonon ruwa da ƙoƙo. Amma can kudu akwai babban kogi, Kwara, wanda ba ya ƙafewa ko rani ko damina. Zan ba ka labarin wani bawan Allah wanda ya yi wajen shekara 50 yana hawa yana gangarowa a kan kogin nan, domin ka auna bangaskiyarka da tasa.

Sunansa Ajayi, Bayarabe ne. Cikin 1821 mahara suka fāɗa wa garinsu, suka kama shi yana yaro, aka yi ta sayar da shi hannu hannu har bakin teku. A 1822 jirgin yaƙin Ingila ya tare jirgin bayin da yake ciki, aka sauke shi Saliyo, ɗa. Can ya koyi karatu, aka yi masa baftisma a 1825, aka sa masa suna Samuel Crowther.

Tafiyarsa ta fari kan Kwara a 1841 ce. Jirage uku suka shiga kogin daga teku, yana ciki tare da Schön, Bajamushen nan wanda daga baya ya juya waɗansu sassan Littafi Mai Tsarki da Hausa. Ba su daɗe ba zazzaɓi ya auka musu. Turawa fiye da 40 suka mutu, jirgi ɗaya kaɗai ya kai Egga ta ƙasar Nupe, shi ma ya juyo cike da marasa lafiya. Mutane da yawa suka fid da zuciya ga kogin. Crowther bai fid da ba.

Bayan shekara 13, a 1854, ya koma tare da likita Baikie, suka hau Kwara suka shiga Binuwai. Wannan karo kowa yana shan kwinin kullum, ba kuwa wanda ya mutu. Ka lura, jimiri ba taurin kai ba ne. Mai jimiri yana koyo daga wahalar jiya.

A 1857 suka sāke tashi, aka kafa aikin Bishara a Onitsha, suka wuce gaba, zuciyar Crowther tana marmarin Sakkwato. Amma kusa da Jebba jirginsu ya bugi dutse ya fashe. Suka tsira da rai, suka zauna bakin kogi kamar shekara guda kafin wani jirgi ya zo. Ga wurin da nake so ka dakata. Mutumin nan bai zauna yana gunaguni ba, bai kuwa ce Allah ya yashe shi ba. Ya duƙufa wajen koyon Nufanci, yana rubuta kalmomi ɗaya ɗaya, yana ziyartar manyan ƙasar da ladabi. Daga irin wannan aiki littattafansa na harshen Nupe suka fito. Bai taɓa ganin Sakkwato ba har ya mutu, amma shekarar jira ba ta zube a banza ba. Sarakunan Musulmi, kamar Masaba na Bida, sun ba shi girma, gama yana faɗin abin da ya gaskata a fili, ba tare da zagi ko reni ba.

A 1864 aka naɗa shi bishop a Canterbury. Gwaji mafi zafi kuwa ya zo masa da tsufa, daga cikin gida: a 1890 waɗansu samarin mishan daga Ingila suka rena aikinsa, suka dakatar da mataimakansa a gabansa. Ya ɗauka da haƙuri, bai bar Ubangijinsa saboda laifin bayi ba. Ya rasu a Ikko ran 31 ga Disamba, 1891.

To, ɗan'uwana, kai fa? Himmar ran baftisma kamar ambaliyar damina take, kowa yana ganinta. Amma bazara tana zuwa: ran da dangi za su raba ka da akushi, ran da addu'a za ta yi maka nauyi, ran da wani mai bi zai ɓata maka rai. A ranar nan kada ka juya baya. Ka riƙe karatunka na safe, kada ka bar taron masu bi, ka gai da maƙwabcinka da ladabi ko ya ƙi amsawa, ka yi aikin da ke gabanka yau. Idan jirginka ya fashe, ka tambayi Ubangiji abin da zai koya maka a bakin gaɓa. Shi wanda ya riƙe Ajayi yana da iko ya riƙe ka har matuƙa. Amin.