Joseph Whitworth (1803–1887): Maƙerin da Ya Nema wa Ma'auni Shaida

A shekarar 1929 layin dogo ya iso Ƙaura Namoda daga Zariya ta Gusau, gyaɗa da audugar ƙasar Zurmi da Shinkafi suka sami hanyar teku. Kawunan jiragen ƙirar Birtaniya ne, kuma notunan da suka riƙe irin waɗannan injuna suna bin ma'aunin mutum guda, Joseph Whitworth.

An haife shi a Stockport ta ƙasar Ingila ranar 21 ga Disamba, 1803. Ya fara sanin inji a masaƙar auduga, ya yi kanikanci a Manchesta, sannan ya tafi Landan a 1825 ya shiga maƙerar Henry Maudslay. A nan ya fuskanci tambayar da ta zame masa aikin rayuwa: ta yaya za a tabbatar ƙarfe ya miƙe, alhali abin gwajin shi ma bai tsira daga karkata ba?

Alluna biyu na ƙarfe suna iya haɗuwa tsaf alhali duka karkatattu ne, ɗaya ya yi tozo, ɗayan ya yi kwarmi. Sai an kawo na uku, an gwada kowanne da sauran biyun, aibin yake bayyana. Whitworth ya kyautata wannan dabara ta hanyar shafa launi a kankare inda ya yi tudu, maimakon gugar allunan da juna. Ya gabatar da ita a Glasgow a 1840.

Daga wannan tushe ya ƙera na'urar da ke gane bambancin kashi ɗaya cikin miliyan na inci. A 1841 ya kawo shawarar daidaita tsagin noti bisa kusurwa mai digiri 55. Kafin nan kowace maƙera da nata tsagin, kamar yadda mudun wata kasuwa kan saɓa wa na maƙwabciyarta, don haka noti guda in ya ɓace yakan tsayar da inji. Kamfanonin jiragen ƙasa suka karɓi tsarinsa, ya game Birtaniya da ƙasashen da ta mallaka.

A 1868 ya ware fam 100,000 domin karatun matasan injiniyoyi. Ya rasu a Monte Carlo ranar 22 ga Janairu, 1887, shekara 42 kafin jirgi ya iso Ƙaura. Manazarcin da ke gwada kwafi biyu na tsohon rubutu yana da rabo a darasinsa: dacewar biyu ba hujja ba ce, sai na uku ya shaida.