Waiwaye: Augustin Fresnel

A wannan fitowa zan kawo muku tarihin Augustin Fresnel, Bafaranshe injiniyan hanyoyi, wanda aka haifa a 1788. A zamaninsa galibin masana sun bi Newton, cewa haske ƙananan ƙwayoyi ne. Shi kuwa ya kafa hujja da lissafi cewa tafiyar igiyar ruwa haske yake yi, har ya ci gasar majalisar masanan Faransa a 1819. Gilashin da ya ƙera wa fitilun bakin teku ya tsirar da jirage da dama. Tarin fuka ya yi ajalinsa a 1827, yana da shekara 39. Har yau da lissafinsa kwamfuta ke zana ƙyallin ruwa da na gilashi a fina-finai.