Dorothy Hodgkin, matar da ta ɗora wa na'ura wahalar lissafin sinadarai

A watan Oktoban 1964, Dorothy Hodgkin tana ƙasar Gana, inda mijinta Thomas ke shugabantar cibiyar nazarin Afirka a jami'ar Legon, sai labari ya iso mata cewa ta samu kyautar Nobel a fannin kimiyyar sinadarai.

An haife ta a Alkahira ranar 12 ga Mayu, 1910. Mahaifinta Bature ne ɗan Ingila da ya shugabanci harkar ilimi a Sudan. Ta yi karatu a Oxford da Cambridge, kuma a Oxford ta yi mafi yawan aikinta.

Aikin nata shi ne gano yadda ƙwayoyin zarra suke jere cikin sinadari. Za a daskarar da sinadarin ya zama kamar ƙwayar gishiri, a haska masa irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, sannan a auna ɗigogin da suka fito a hoto. Wahalar tana wajen lissafi, domin iri ɗaya ake maimaitawa sau dubbai da hannu, har a kwashe watanni.

Dorothy ba ta tsaya ga hannu ba. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da ake neman maganin fenisilin ruwa a jallo don sojojin da suka ji rauni, ta yi amfani da na'urorin lissafi masu karanta kati mai huji, ta gano tsarinsa a 1945. Da ta koma kan bitamin B12, mai ƙwayoyin zarra wajen 180, sai Kenneth Trueblood ya riƙa saka alƙalumanta cikin kwamfutar SWAC a Los Angeles ta Amurka, yana aiko mata da sakamako. Na'ura ta yi maimaici, ita kuma ta duba ta fassara.

Insulin, wanda rayuwar masu ciwon sukari da yawa ta dogara a kansa, ya fi ba ta wuya. Ta ɗauki hotonsa na farko a 1935, amma sai a 1969, bayan kwamfutoci sun yi ƙarfi, ita da abokan aikinta suka warware shi. Duk wannan ta yi shi ne da hannuwan da ciwon gaɓɓai ya tanƙware tun tana matashiya.

Ta rasu ranar 29 ga Yuli, 1994.