John Russell Hind

John Russell Hind (12 ga Mayu, 1823 – 23 ga Disamba, 1895) masanin taurari ne ɗan ƙasar Ingila. Shi ya gano U Geminorum, tauraro na farko da aka sani a cikin jinsin da ake kira ƙaramar noba.

Farkon rayuwa da aiki

An haife shi a Nottingham, mahaifinsa mai masana'antar leshi ne. Yana ɗan shekara 17 ya tafi Landan koyon aikin injiniya, amma bai daɗe ba ya koma cibiyar duba taurari ta Greenwich a 1840. A 1844 ya karɓi ragamar ɗakin duba taurari na attajiri George Bishop a Regent's Park, inda ya gano goma daga cikin manyan duwatsun da ke kewaya rana tsakanin 1847 da 1854. Wanda ya raɗa wa suna Victoria a 1850 ya jawo ce-ce-ku-ce, domin wasu masana a Amurka sun ɗauka sarauniyar Ingila yake yi wa fadanci. Daga 1853 zuwa 1891 shi ke kula da littafin lissafin taurari da matuƙan jiragen ruwan Birtaniya ke dogara da shi.

U Geminorum

Ranar 15 ga Disamba, 1855, yana neman irin waɗancan duwatsu, sai ya ga tauraro a burjin Jauza'u, a wurin da taswirarsa ba ta nuna komai ba. Cikin 'yan kwanaki hasken ya dushe. An zaci noba ce irin wadda ya gano a 1848, mai walƙawa sau ɗaya ta lafa. Bayan kusan wata uku Norman Pogson ya sake ganin tauraron ya haskaka, kuma har yau haka yake yi, kusan duk bayan kwana 100, haskensa ya ninka kamar sau 100.

Hind bai rayu ya ji dalili ba. Ashe taurari biyu ne ke kewaya juna cikin awa huɗu da 'yan mintoci. Ɗayan tsohon tauraro ne da ya tsuke ya koma kamar girman duniya, yana zuƙar iskar gas daga abokinsa. Gas ɗin yakan taru kamar faifai kewaye da shi, idan ya cika ya yi zafi sai ya kwarara ciki gaba ɗaya. Inda yake dukan jikin tauraron, zafi yana kai matsayin fitar da hasken eksire. Iskar da ta lulluɓe duniya tana tare wannan haske, shi ya sa ba a gan shi ba sai da hukumar NASA ta harba tauraron ɗan adam HEAO-1 a 1977. Na'urar Chandra, wadda aka harba a 1999, ita ma ta auna shi.

Mutuwa

Ya mutu a Twickenham, kwana biyar kafin Wilhelm Röntgen na Jamus ya miƙa takardarsa ta farko kan hasken eksire. Akwai wani rami a duniyar wata da ke ɗauke da sunan Hind.